Tambayi Injiniya: Ta wace ƙofa ake shiga aikin na'urorin asibiti?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗaliba ce 'yar Aboabo a nan Kumasi, ina aji biyu a Tek, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, ina karanta injiniyancin na'urorin asibiti. Dogon hutu ya ƙarato, an ce kowa ya nemi inda zai yi atacimen, wato zaman koyon aiki a ma'aikata. Abokan karatuna hankalinsu duk yana kan manyan kamfanoni irin su Siemens da GE da Philips, wasu kuma iyayensu sun san mutane a Accra. Ni mahaifina goro yake sayarwa, ba mu san kowa ba. Na tura imel wuri bakwai, har yau shiru. Burina in ƙera sabuwar na'ura, ba in ƙare a gyaran tsofaffi ba. Mmata kuma, wato mahaifiyata, kullum cewa take aikin sukundireba ba na mace ba ne, da ma nas na karanta. Don Allah ta ina zan fara?

Ɗaliba daga Aboabo

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin da kika ce ba kya so ki ƙare a gyaran tsofaffi. Zan dawo kansa. Bari mu fara da shirun nan da ya dame ki.

Kada ya karya miki gwiwa. Kamfanonin da kika lissafa ba a Ghana suke ƙira ba. Na'urorinsu daga Jamus da Amurka da Sin da sauran ƙasashe ake lodo su. Abin da ke nan ofishin ciniki ne, ko dillalin da aka ba wakilci, da injiniyoyi 'yan kaɗan waɗanda kullum suna kan hanya, yau Tamale gobe Takoradi. Irin wannan wuri ba shi da mai zama ya amsa wa ɗalibar aji biyu. Wurin da aiki ya yi wa mutane yawa, hannu kuma ya yi kaɗan, shi ne ɗakin gyara na asibiti. Yawanci can baya yake, kusa da ɗakin janareto ko wurin wanki. Ki leƙa sau ɗaya ki gani: na'urar zuƙe jini da majina a kan kanta, kwalbar bakwaini an jingine ta da bango, na'urorin duba bugun zuciya an shirya su kamar jeren amarya, kowacce da 'yar takarda a goshi an rubuta ba ta aiki.

Ba mu kaɗai ke fama da haka ba. A 2011 Robert Malkin na Jami'ar Duke ta Amurka da Lora Perry sun tattara lissafin na'urori sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu ƙaramin ƙarfi, suka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari a ajiye suke ba sa aiki. Shi Malkin ɗin, a wani binciken da ya fito a 2010, ya nuna cewa sama da kashi 70 na na'urorin da aka kawo wa masu gyaransu sun tashi ba tare da an yi odar wani sashe daga waje ba. Fis ne, waya ce ta tsinke, batir ne ya mutu, bututu ne ya toshe. Wato aikin da hannunki zai iya tun bana.

To ga yadda za ki yi. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku tun yanzu, kafin hidimar jarrabawa ta ɗauke hankalin kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi kwafi uku ko huɗu, ki ɗauka da ƙafarki, zuwa da kai ya fi aike. A ofishin ma'aikata ake miƙa takardar, haka ƙa'ida take. Amma kafin ki miƙa, ki tambayi inda masu kula da na'urori suke, ki je ki gaida shugabansu, ki faɗa masa ajinki da yawan makonnin da kike da su. Takardar da shugaban sashe ya san fuskar mai ita ba ta daɗewa a ƙarƙashin fayil.

Kowa Gee yake nufa, asibitin Komfo Anokye, kuma da gaskiyarsu. Asibitin koyarwa ne mai gado sama da 1,000, za ki ga na'urorin da ƙananan asibitoci ba su da su. Sai dai inda kowa ya nufa, layi kan yi tsawo, kuma manyan na'urorin ɗaukar hoto a ko'ina yawanci suna ƙarƙashin yarjejeniyar kamfani, ba a barin ɗalibi ya kwance ko noti ɗaya. A zagayen farko ni na fi son ki gwada matsakaitan asibitoci, Manhyia, Tafo, Suntreso, ko na mishan irin na Agogo idan kina da wurin sauka. Ki tambaya ko suna da mai kula da na'urori na dindindin. Inda mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da komai, tun daga fitilar tiyata har tukunyar dafa kayan aiki, a nan ake miƙa wa ɗalibi sukundireba da wuri, don ana bukatar hannunsa.

Ni lantarki na karanta a Tek, a zamaninmu ba a buɗe kwas ɗinku ba. Na yi atacimen ɗina a wani asibitin gunduma, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga Kumasi, a hannun wani dattijo da ba shi da digiri. Masta kowa yake ce masa, har likitoci. Na isa da lissafin taransifoma cike da kaina. Ya dube ni, ya miƙo mini bokiti da sabulu, ya ce in zagaya ɗakunan kwanciya in ciro soson tace ƙura na kowace na'urar oksijin, in wanke, in shanya a inuwa, kada in mayar sai ya bushe ƙarau. Mako biyu ina wannan. Raina ya sosu, ba zan ɓoye miki ba.

A mako na uku aka aiko daga ɗakin yara. Wani yaro ne da bai kai shekara ba, ciwon sanyin haƙarƙari, bututu a hancinsa, ƙirjinsa yana lotsawa da kowane numfashi. Uwar tana zaune a bakin gado ta riƙe ƙafarsa. Nas ɗin ta ce tun dare yake kan oksijin amma bai sauya ba, na'urar kuwa ga ta tana aiki. Na duba, ni ma na ga tana aiki: fitila a kunne, ɗan ƙwallon nan ya tashi ya tsaya a kan lita ɗaya, ruwan kwalba yana kumfa. Masta bai ce komai ba. Da farko ya sa aka gunguro tukunyar oksijin aka mayar da yaron kanta. Sannan ya durƙusa ya ɗora kunnensa a jikin na'urar, ya jima, ya ce ni ma in saurara. Daga nan ya zaro wata 'yar mita daga aljihu ya haɗa da bakin bututun. Lambar ta hau kaɗan ta tsaya, ba ta kai hamsin ba.

A bakin ƙofa ya yi mini bayani, ni kuma yau zan yi miki. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Na'urar ba ta ƙirƙirar komai. Kwamfiresa ce ke matsa iskar ɗaki cikin wasu gwangwanaye biyu cike da ƙananan tsakuwoyi da ake kira ziyolait, su kuma su riƙe naitirojin su saki oksijin. Gwangwani ɗaya yana tacewa, ɗayan yana amayar da abin da ya riƙe, bayan 'yan daƙiƙoƙi su yi musaya. Wannan musayar ita ce hucin da kike ji, kamar numfashin mai barci, kuma kunnen da ya saba yana gane in ya rame. Lafiyayyar na'ura tana ba da kashi 90 ko sama. In ta sauka ƙasa da 82, ta fita daga abin da aka yarda a sa wa majinyaci. Idan soso ya toshe, kwamfiresa ta yi zafi, matsin iska ya ragu. Idan aka ajiye na'urar watanni ba a kunna ba cikin damina irin tamu ta Asante, danshi ya shiga ziyolait ya kashe shi. Amma ƙwallon zai ci gaba da tashi, ruwa zai ci gaba da kumfa, domin ƙwallon yawan iskar yake aunawa, ba kyanta ba. Tsohuwar na'ura ce da ba ta da ƙararrawar gargaɗi. Yaron nan ya kwana yana shaƙar abin da bai fi iskar ɗaki da yawa ba, kowa kuma yana ganin ana yi masa magani. Kafin la'asar numfashinsa ya fara daidaita a kan tukunya. Washegari ba sai da aka ce in ɗauki bokiti ba.

Akwai kuma ranar da na yi ɓarna, kuma gara ki ji ta daga bakina. An kawo kyautar na'urar zuƙa daga Amurka, aka ce in gwada ta, washegari za a kai ɗakin haihuwa. Wani ya riga ya yanke filoginta na asali ya sa mata irin namu mai ƙafa uku. Na ga filogi ya dace da soket, na cusa. Wutar Ghana bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, juyi 60. Ƙara ɗaya ta yi, warin ƙonanniyar waya ya cika ɗakin. Ga shi kuwa an rubuta komai a ɗan farantin ƙarfe a bayanta, ban duba ba. Masta bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi in je da kaina in shaida wa babbar nas ta ɗakin haihuwa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna mini tsohuwar na'urar da ake takawa da ƙafa, wadda suka yi wata da watanni suna jiran ranar rabuwa da ita. Tun daga ranar ba na haɗa na'ura da wuta sai na karanta farantin bayanta. Duk wadda ta zo da wutar Amurka kuwa, nakan rubuta mata lambar da jan fenti, in ɗaure taransifomarta a jikin keken da take kai, yadda ba mai raba su cikin gaggawar dare. Ko da taransifoma ma, injin cikin na'ura, wato motar da aka yi don juyi 60, tana rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a wutarmu, ta kuma fi ɗaukar zafi. Ki sa wannan a ranki duk sanda kika ga kwantenar kyauta ta iso.

Kafin ranar farko, ki shiga kasuwar Kejetia ki sayi littafin rubutu mai bangon kwali. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci da zan faɗa miki yau. Duk na'urar da hannunki ya taɓa, ki rubuta kwanan wata, sunanta, kamfaninta, lambarta, abin da nas ta ce yana damunta da kalmomin nas ɗin, abin da ke kika tarar, abin da aka yi, da awon da mita ta nuna kafin gyara da bayansa. Sunan majinyaci ba ya shiga. Wadda ta gagara ma ki rubuta, har da dalilin gagararta. Yanzu nakan zauna cikin masu tantance sababbin injiniyoyi, kuma takardun bayanin kai kusan duk iri ɗaya ne: kwas kaza, maki kaza, na yi atacimen a wuri kaza. Tambayata ɗaya ce, faɗa mini na'ura guda da ta ba ka wahala da yadda ka bi ta. Da yawa a nan suke tsayawa, don kallo suka je yi ba aiki ba. Wanda ya buɗe littafi ya ce ga tukunyar dafa kayan tiyata da ta ƙi kai zafin digiri 121, na bi na bi na tarar robar ƙofa ce ta tsage, kuma ruwan rijiyar burtsatse ya tara farin dutse a kan ƙarfen ɗumamawa, wannan na san ya tsaya a gaban na'ura. 'Yar mai goro da irin wannan littafi ta fi ɗan babban mutum da ya zo da katin gaisuwa.

Ki girmama nas-nas. Ki gaishe su da safe kafin ki taɓa komai a ɗakinsu. Su ne ke kwana da na'urar, su suka san cewa sai ƙarfe ukun dare take fara kuka, ko sai an tada janareto take rikicewa. Sau da yawa za ki tarar lafiyarta lau, wani maɓalli ne ba a danna daidai ba. Kada ki faɗi haka a gaban majinyata ko ƙananan ma'aikata. Ki nuna a hankali, kamar tare kuka gano. Wanda kika kunyata yau, gobe ɓoye miki matsala zai yi.

Sai kiyaye kai. Ki yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, sau uku ake yi cikin wata shida, don haka ki fara yanzu. Na'ura daga ɗakin tiyata ko ɗakin gwaji da jini take zuwa, wani ana gani wani ba a gani. Safar hannu, a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a buɗe. Na'urar farfaɗo da zuciya tana tara wuta a cikinta har bayan an cire filogi, wutar da ta isa ta kashe mutum, kada ki buɗe ta ke kaɗai. Hijabinki ba zai hana ki komai ba, amma ki nemi gajere ko ki cusa bakinsa cikin rigar aiki, saboda fanka da bel ɗin inji. In kuma aka ce ki leƙa ɗakin MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ki cire duk wani fil na ƙarfe tun daga waje. Maganaɗisun na'urar ba ya mutuwa ko ba a aiki da ita, fil kuwa zai iya fizgewa ya tashi kamar kibiya.

Majinyaci ma ana kare shi daga na'ura, kuma a nan aikinmu ya bambanta da gyaran rediyo. Fatar mutum garkuwa ce daga lantarki. Wanda aka sa wa bututu ko waya har cikin jijiya ya rasa wannan garkuwar. Shi ya sa ƙa'idar IEC 60601, wadda ke kula da tsaron na'urorin asibiti masu amfani da lantarki, ta ce na'urar da ke taɓa zuciya kai tsaye, wutar da ke silalewa daga gare ta zuwa jikin majinyaci kada ta wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari na amfiya guda. Yatsanki ba zai ji wannan ba sam, sai mita. Saboda haka ba a yanke wayar ƙasa don filogi ya shiga soket, ba a naɗe fis da zaren waya, ba a kashe ƙararrawa don ta dami mutane. Ranar da kika sa hannu a takarda cewa na'ura ta gyaru, wani zai ɗora ɗansa a kanta ba tare da ya taɓa ganin fuskarki ba. Sannan sirri. Zango gida ɗaya ne. Za ki shiga ɗaki ki ga maƙwabciyarku a kwance. Ki gaishe ta in ta gan ki, ki yi mata addu'a, maganar ta mutu a bakin ƙofar. Ko Mma kada ta ji.

Kamfanonin da kike so kuwa, har ɗakin gyaran za su same ki. Injiniyan dillali zai zo duba na'urar gwajin jini ko ta numfashi, ta Mindray ko ta Dräger ko wata. Ranar kada ki tafi cin abinci. Ki nemi izinin shugabanki, ki riƙe masa fitila, ki miƙa masa kaya, ki yi tambaya ɗaya mai ma'ana, ki rubuta amsar. In ya dawo bayan wata guda ya tarar kin tuna, a nan za ki tambaye shi ko suna karɓar ɗalibai a hutu mai zuwa. Ni ta haka na shiga kamfanin farko da na yi wa aiki. Atacimen na biyu, bayan aji uku, shi ne ya kamata ya zama a Accra, don yawancin dillalan can suke, ga asibitin Korle Bu ga asibitin sojoji na 37. Ba a rasa ɗan uwa a unguwannin Nima ko Mamobi ko Madina, a fara maganar masauki da wuri. A kamfani za ki koyi wani fanni daban: kafa sabuwar na'ura, koyar da masu amfani da ita, rubuta rahoton aiki da Turanci mai tsabta, da haɗa na'urori da kwamfuta, tunda yanzu kusan dukansu suna magana da juna. Akwai kuma hanyar da ɗalibai ba sa kallo, ta bin doka da inganci. Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, wato FDA, ita ce ke rajistar na'urorin asibiti a ƙarƙashin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, kuma duk mai shigo da kaya ko mai son ƙerawa yana bukatar wanda ya san takardun nan, ya san ƙa'idar ISO 13485 ta tsarin kula da ingancin na'urorin asibiti. Aiki ne na natsuwa, masu iya shi ba su da yawa.

Yanzu ga maganar ƙira da na ce zan dawo kanta. Akwai na'ura mai suna Hemafuse, kamar ƙatuwar sirinji, ba ta bukatar wuta. Idan jini ya taru a cikin mace, kamar wadda ciki ya zauna mata a wajen mahaifa ya fashe, da ita ake zuƙo jinin, a tace, a mayar mata da abinta. Tushenta ɗaliban Jami'ar Michigan ne da suka zo Ghana suka tsaya a ɗakin tiyata, suka ga likitoci na kwasar jinin da ludayi suna tacewa da bandeji don ceton rai. Daga wata nahiya suka taso don su ga abin da ke nesa da Aboabo da kuɗin motar haya ta tirotiro sau ɗaya. Ga kuma 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin na jini, wadda ke aiki da jan haske da wani hasken da ido ba ya gani. A 2020 bincike a Michigan ɗin ya nuna cewa a jikin baƙar fata ta fi yawan nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku na farar fata. Majinyatanmu kuwa duk baƙar fata ne. Wa ya fi cancanta ya sa wannan a gaba? Soson da hunturu ba ya toshewa cikin kwana uku, kwalbar bakwaini da za ta riƙe ɗumi lokacin dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, duk suna jiran mai ƙira. Kowace tsohuwar na'ura da kika buɗe tana nuna miki inda mai ƙirarta bai san ƙurarmu da wutarmu da daminarmu ba. Aikinki na shekarar ƙarshe daga cikin littafin nan zai fito.

Mma kuma ki bi ta a hankali, tsoro ne irin na uwa. In lokacin gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare ya zo, ki zauna da ita gaban talabijin ki nuna mata matar da ke jefa tambayoyin, Farfesa Elsie Effah Kaufmann, wadda take wannan aiki tun 2006. Ki ce mata injiniyar fanninki ce, ita ce shugabar farko ta sashen a Jami'ar Ghana da ke Legon. Sannan ki faɗa mata wannan daga gare ni. Sau da yawa na'ura takan tsaya a ɗakin haihuwa mace na kan gwiwa, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa ana neman zanen rufa mata kafin in shiga. Matanmu na zango sun san nauyin wannan. Ke babu mai tsayar da ke.

Maganar kuɗi gajeriya ce: yawancin atacimen ba a biya. Ki lissafa kuɗin mota da na abinci na makonnin tun yanzu, ki zauna da mahaifinki ku duba. In kin gama digiri akwai bautar ƙasa ta shekara guda, kuma wurin da ya san aikinki yana iya rubutawa ya nemi a turo masa ke, ko da yake ba kullum ake dacewa ba. Aikin gwamnati kan jira sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗauka, don haka kada ki zauna jiransa. Asibitoci masu zaman kansu da na mishan da ɗakunan gwaji da dillalai duk suna ɗauka. Ki gaishe mini da Baba da Mma.

TAMBAYA

Salam Injiniya. Ni mai gyaran waya ne a Adum cikin Kumasi, shekara shida ke nan, ina zaune a Sawaba. Sakandare kawai na gama. Wani mai ƙaramin asibiti a unguwarmu yakan kawo mini na'urar awon hawan jini da ta sukari in sun lalace, kuma suna tashi. Zan iya mayar da wannan sana'a?

Mai gyaran waya daga Sawaba

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Za ka iya, kuma hannun da ya shekara shida yana liƙa dalma a allon waya ya fi na yawancin masu digirin da ke zuwa wurina. Amma akwai abin da nake so ka gyara tun gobe. Waya in ta kunnu ta yi kira, aiki ya ƙare. Na'urar awo tana iya kunnuwa ta nuna lamba tsaf, lambar kuma ƙarya ce. In ta rage wa mai hawan jini maki goma, za a sallame shi ba magani. Don haka duk wadda ka gyara, ka gaya wa mai asibitin ƙarara cewa ka tada ta ne amma ba ka tabbatar da awonta ba, sai an gwada ta da ma'aunin da aka yarda da shi. Ta sukari kuma akwai ruwan gwaji da kamfaninta ke sayarwa don wannan, a sa shi a ga ko lambar ta faɗa inda aka rubuta a jikin kwalbar tsinken. Duk abin da ke tura magani cikin jijiya, ko ke taimakon numfashi, ko ke ba zuciya wuta, kada ka karɓa a shago ko nawa za a biya.

Sai takarda. Asibiti ba ya iya ɗaukar mutum a wannan aiki ba shaidar karatu, komai iyawarsa. Ka je Jami'ar Fasaha ta Kumasi, tsohuwar Foliteknik, ka tambayi sharuɗɗan shiga sashen lantarki, ka tafi da sakamakonka na sakandare su duba. Kafin nan, ka roƙi mai asibitin nan ya haɗa ka da injiniyan da ke zuwa duba masa manyan na'urorinsa. Ka ce za ka riƙa bin sa ranar Asabar ba lada, ka bar yaronka a shago. Ka tafi da mitarka da ƙarfen liƙinka, don allon na'ura ya sha ƙonewa a wurin da kai za ka gyara cikin rabin awa, shi kuwa sai ya jira wata biyu a turo masa sabo daga waje.